Waifai na kyauta a Gwanzu: zai ishe ni, ko sai na sayi layi?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan je Gwanzu ta ƙasar Chaina sarin yadi, kwana goma sha biyu, ta Addis Ababa zan bi. Wannan ce tafiyata ta farko, da can ejen nake aikawa. Masaukin da aka kama mini yana unguwar Xiaobei, amma yawancin yinina a kasuwar yadi ta Zhongda zan yi shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne intanet. Duk harkar shagona a WhatsApp take: in tura hoton kaya, yara su nuna wa kwastoma, su faɗa mini kala nawa za a ɗauko. Ga iyali kuma. Wani ya ce mini ko'ina akwai waifai kyauta a can, kada in ɓata kuɗina. Wani kuma ya ce ko na samu waifai ɗin WhatsApp ba zai buɗe ba. Wanne zan kama? Kuma daga saukata filin jirgi, ta yaya zan sanar da wanda zai tarye ni? Wayata Tecno ce mai layi biyu, ina kuma da wata tsohuwar iPhone 11 a ajiye.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Duka biyun gaskiya suka faɗa maka, kowa dai gefe ɗaya ya kama. Waifai kam akwai shi, amma ƙofa biyu ce a gabanka, kuma makullinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙofar farko ta shiga ce. A Chaina doka ta sa sai an san wanda ke amfani da intanet, shi ya sa waifai na wuraren jama'a, irin na manyan shaguna da gidajen shayi na zamani, ba ya barinka ka wuce sai ka saka lambar waya an turo maka lambobin tabbatarwa ta tes. Shafin da zai buɗe galibi da rubutunsu yake. Gurbin da ka ga 手机号 a jikinsa na lambar waya ne, maɓallin da aka rubuta 获取验证码 shi ne "turo mini lambobin", sai ka kwafe su a gurbin 验证码. Matsalar ita ce da yawa daga cikin shafukan nan lambar Chaina kaɗai suka sani, mai lamba 11 da ke farawa da 1. In ka ga wurin canza +86 zuwa +234 to ka gwada, amma tes ɗin ba zai iso ba sai layinka yana romin, wato yana aiki a kan netwok ɗin ƙasar waje. Don haka tun kana Kano ka kira kamfanin layinka ka tabbatar an buɗe maka romin, ka bar ɗan kati a ciki. Karɓar tes a waje galibi ba a cajinsa. Abin da ke cinye kati shi ne data da amsa kira, saboda haka ka kashe Data roaming a kan layin gida tun kafin jirgi ya tashi.

Ƙofa ta biyu ita ce katangar da suka yi wa intanet ɗinsu. Facebook a toshe yake tun 2009, Google da Gmail tun 2014, WhatsApp tun 2017. Haɗa da YouTube da Instagram da Play Store. Duk waifai ɗin da ke cikin ƙasar, na otal ne ko na filin jirgi, ta bayan katangar nan yake. Sandunan sabis su cika fal, saƙonka na WhatsApp ya tsaya da alamar agogo har gobe.

Wannan katangar tana jawo wani ruɗani da ke sa mutane su ɗauka wayarsu ce ta lalace. Android in ta hau waifai, sai ta ɗan taɓa wata sabar Google don ta gane ko da intanet. Tunda Google ba ya amsawa a can, sai Tecno ɗinka ta rubuta cewa ta haɗu amma babu intanet, alhali akwai. In ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wannan waifai, ka ce e. In ba haka ba za ta sulale ta koma datar layi ba ka sani ba. Haka kuma in ka buɗe Chrome ka rubuta wani abu a sama, Google zai nema, shafi ya ƙi zuwa. Ka shiga saitin Chrome ka mai da injin bincike Bing, shi yana aiki a can.

In ka hau waifai shafin shiga ya ƙi fitowa, ga yadda ake lallaɓa shi. Ka kashe VPN, manhajar da ake zagaye katangar da ita, in da shi a kunne. Ka shiga saitin netwok ka mai da Private DNS zuwa Off, domin shafin shiga yana aiki ne ta hanyar tare tambayarka ta farko ya karkatar da ita wurinsa, shi kuwa Private DNS ɓoye tambayar yake yi. Ka kashe datar layi. Sai ka buɗe burauza ka rubuta captive.apple.com ko neverssl.com. Dalilin zaɓar waɗannan shi ne ana buɗe su ba tare da https ba, rauta na iya tare su ta miƙo maka shafinta. In har yanzu shiru, ka sa wayar ta manta da waifai ɗin ka sake hawa. Ka kuma duba agogon wayar. Gwanzu ta riga Najeriya da awa 7, kuma wayar da aka saita wa kwanan wata da hannu ba daidai ba tana ƙin buɗe shafuka masu tsaro. Ka bar shi a kan atomatik.

Amma shawarar da ta fi kowacce sauƙi ita ce: ka saka WeChat, manhajar hira ta Chaina, tun a gida, a wayarka da ta uwargida da ta yaron shago mafi hankali. Ku yi rajista, ku gwada kiran juna kuna zaune a falo ɗaya. WeChat nasu ne, ba ruwansa da katanga, kiran murya da na bidiyo da hoto duk suna wucewa a kan kowane waifai. Yaron ya karɓi hoto a WeChat ya tura wa kwastoma ta WhatsApp. Kada ka bari sai ka sauka, domin sabon asusu wani lokaci sai an nemi wani mai tsohon asusu ya tsaya masa, ga shi Play Store ba zai buɗe ba balle ka sauke manhajar. Masu sayar maka da kaya ma duk a can za ka same su.

Tafinta a Xiaobei:

Malam Mai Gyara ya gama da ɓangaren waya. Bari in ɗora da inda ake samun waifai ɗin a ƙasa.

Filin jirgin Gwanzu, wato Baiyun, yana da waifai kyauta. Wanda tes bai iso masa ba ya nufi teburin tambaya da fasfonsa, ya ce waifai yake so, su ne za su nuna masa yadda baƙo ke shiga da fasfo. Kada dai ka jingina haɗuwarka da mai tarbarka a kan wannan. Ku yi magana tun kana Addis: lambar jirgi, lokacin sauka, da ƙofar da zai tsaya. Layin shige da fice da jiran kaya kan ci lokaci, ka faɗa masa ya yi haƙuri. Ka sa a turo maka sunan otal da adireshinsa da rubutun Chaina, ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma buga a takarda ka sa cikin fasfo. Direban tasi ba zai karanta adireshin da aka rubuta da boko ba. In jirgin ƙasa na cikin gari za ka hau, Layi na 3 ne ke fita daga filin jirgi, ka sauka Jiahewanggang ka koma Layi na 2 zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu, daga nan Layi na 5 tasha ɗaya ce zuwa Xiaobei. Duk wannan ba ya buƙatar intanet in ka rubuta shi.

Waifai mafi daɗi ga baƙo ba na manyan wurare ba ne, na ƙananan wurare ne masu fasuwod kawai, ba tes ba rajista: otal, gidan abinci, ofishin kago, shagon wanda kake ciniki da shi. A Xiaobei gidajen abincin halal suna da yawa, ka nemi alamar 清真. Ka duba bango kusa da mai karɓar kuɗi ko jikin tebur, sau da yawa an manna takarda an rubuta WiFi密码 da lambobi a ƙasa. In babu, ka ce "waifai mima", sun gane. Fasuwod ba ya gaza harafi takwas, su kuma suna son lamba 8, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ji an ce takwas sau takwas, ko lambar wayar shagon. A Zhongda ma haka, mai shagon da ya ga da gaske kake ciniki ba zai hana ka ba. Miƙa masa wayar ya saka da kansa ya fi sauri, amma ka tsaya kana kallo.

A otal, in ka ga suna biyu iri ɗaya, ɗaya ya ƙare da 5G, ba 5G na layin waya ba ne, zangon 5 GHz ne. Ya fi sauri, ba cunkoso, amma bango yana kashe shi. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, sai dai a dogon bene mai ɗakuna da yawa kowa a kansa yake, kuma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna. In rauta tana cikin ɗakinka ko a bakin ƙofa ka hau na 5, in tana can ƙarshen baranda ka koma na 2.4. Da daddare in 'yan kasuwa sun dawo kowa ya hau kiran gida sai ya yi nauyi, hotuna masu yawa ka tura su bayan asuba. Lokacin ma gida dare ne, su tashi su tarar da su.

Inda na saɓa da masu cewa waifai ya isa shi ne titi. Ciniki a Gwanzu yawo ne. Za ka fito daga wannan gini ka nemi wancan, ka kira mota a DiDi, ka biya da Alipay ko WeChat, ka nemi fassara, duk a tsaye a bakin hanya inda ba waifai ɗin kowa. Mutumin da ya biya kuɗin jirgi daga Kano bai kamata ya ɓata rabin yini yana neman inda zai rakuɓe don ya tura saƙo ɗaya ba. Layin Chaina ana yankar sa da fasfo a ofishin kamfanin, su ɗauki hoton fuskarka. Manyan kamfanonin uku ne, China Mobile da China Unicom da China Telecom, kuma Unicom ya fi shiri da wayoyin da aka sayo daga waje. Kada ka sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani a hannun 'yan bakin titi. Amfanin layin nan biyu ne, ga data, ga lambar +86 da za ta buɗe maka duk waifai mai neman tes. Amma shi ma a bayan katanga yake, WhatsApp ba zai yi a kansa ba.

Taswira kuma ka manta da Google Maps, ko ya buɗe bayanansa na can ba abin dogaro ba ne. Ka sauke Amap, ko ka yi amfani da taswirar da ke cikin iPhone ɗin, tana aiki.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. To amma kwastomomina manya ba za su yarda su bi ta hannun yaro ba, ni suke so su ji. Ba yadda za a yi WhatsApp ɗin kansa ya yi aiki? Na ji ana maganar VPN. Sannan in buƙatar tura kuɗi ta taso daga asusuna na gida, zan iya a waifai ɗin otal?

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:

Akwai hanya Alhaji, kuma iPhone ɗin nan da ka ajiye ita ce maganin. Layin waje da ke romin a Chaina datarsa ba ta bi ta katangar, ana mai da ita ne ƙasar da layin ya fito kafin ta shiga intanet. Shi ya sa WhatsApp da Gmail ke buɗewa a kan romin ba tare da wata dabara ba. Romin na layin gida yana da tsada, sai dai ka tambayi kamfaninka ko suna da ƙunshin data na tafiya da ya haɗa da Chaina. Mafi sauƙi shi ne eSIM na matafiya, wato layi marar kati da ake saukewa cikin waya, wanda ake saye a intanet.

Kafin ka biya ka duba abu biyu. Ka danna *#06# a iPhone ɗin, in ka ga lambar EID to tana ɗaukar eSIM. iPhone 11 da aka yi don kasuwar Chaina ko Hong Kong ba ta da shi, layi biyu na kati take ci. Sannan ka shiga Settings, General, About, ka gangara zuwa Carrier Lock. In ba a rubuta No SIM restrictions ba, wayar a ɗaure take da wani kamfani, eSIM ɗin ba zai hau ba. Wannan ya zama ruwan dare a wayoyin da ake kawowa na hannu. Ka saka eSIM ɗin tun a gida, domin ta imel ake turo shi, in kuwa Gmail ne ka san labarin. Sai ka sauka ka kunna shi, ka buɗe Data Roaming a kansa shi kaɗai. Yawancinsu data ce zalla, ba lambar da za a turo wa tes.

Daga nan ka kunna hotsfot a iPhone, Tecno ta hau. Kada ka cire WhatsApp daga Tecno ka ce za ka mai da shi iPhone a can, zai nemi tes na tabbatarwa, in bai iso ba ka rasa duka. Abin lura ɗaya: Tecno za ta ɗauki hotsfot ɗin a matsayin waifai na banza, ta fara sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa Google Photos. Ka shiga bayanin wannan waifai ka mai da shi Metered, wato mai data a ƙididdige, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, musamman na guruf-guruf. Kiran murya bai cika kai MB ɗaya a minti ba, bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa, hoton da WhatsApp ya matse bai kai rabin MB ba. In ka bar kiran bidiyo da iyali sai a WeChat kan waifai ɗin otal, GB 5 ya kai ka kwana goma sha biyu har da saura.

VPN kuwa, dokarsu ta yarda ne da wanda gwamnati ta ba lasisi kawai, sauran suna toshe su. Yau ya yi, gobe ya ƙi, na kyauta kuma su ne suka fi saurin mutuwa. Wanda zai saka sai ya saka tun a gida, amma ban ba ka shawarar ka ɗora kasuwancinka a kansa ba.

Hajiya Ma'aikaciyar Banki:

Alhaji, kan maganar kuɗi. Manhajar banki tana rufe bayananta tun daga wayarka har sabar bankin, don haka mai waifai ba ya ganin lambar sirrinka haka kawai. Haɗarin yana wani wuri. Kowa na iya kunna hotsfot ya raɗa masa sunan otal ko na filin jirgi, ka hau, ya miƙo maka shafin bogi. Saboda haka ka tambayi ainihin sunan waifai a wurin ma'aikata, harafi da harafi. Shafin shiga na gaskiya lambar waya yake nema, ko lambar ɗaki, wani otal ya haɗa da lambar fasfo. Duk wanda ya nemi lambar katin banki, ko fasuwod ɗin imel, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja ko ka amince da wata takardar shaida kafin ka shiga, ka fita. In burauza ta yi gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne a shafin da ka saba buɗewa, kada ka danna ci gaba. Akwai kuma manhajojin da ke cewa za su buɗe maka waifai ɗin mutane kyauta. Yadda suke aiki shi ne su tattara fasuwod daga wayoyin masu amfani da su su raba wa wasu, ba abin da za a ajiye a waya ɗaya da manhajar banki ba ne.

Tunda za ka sami eSIM, ka yi duk harkar banki a kansa, datar da za ta ci ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya fi hana mutane tura kuɗi daga waje ma ba ɓarayi ba ne, lambar OTP ce. In ta tes take zuwa, sai layin da ke kan asusun yana cikin waya kuma yana romin. In ta imel ce kuma Gmail, ba za ta buɗe a waifai ɗin otal ba. Lambobin USSD da aka saba dannawa a gida ba lallai su yi aiki a netwok ɗin wata ƙasa ba. Ka je reshenku kafin tafiya, ka karɓi token, ka duba iyakar abin da za ka iya turawa a rana, ka gaya musu ƙasar da za ka da kwanakin, don kada na'urarsu ta ga an shiga daga wani wuri ta rufe asusun. Kada kuma ka canza waya ko ka sake saka manhajar bankin a can, za ta ɗauke ka sabon mutum ta nemi tabbatarwa daga farko.

Tafinta a Xiaobei:

Ƙari kaɗan da aka manta. Hotsfot yana shan batir sosai, waya biyu kuma caji biyu ne. Filogin gida mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga soket ɗinsu, ka taho da adafta, wutar dai 220 ce, cajarka za ta yi. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. In akwai niyyar ƙarasawa Yiwu ko wani gari ta jirgin sama na cikin gida, tun ƙarshen Yunin 2025 ba sa barin fawa bank da ba shi da tambarin CCC, shaidar inganci ta Chaina, a jikinsa, a wurin bincike za a karɓe. Ka duba naka, in babu tambarin ka sayi wani a can.

Sai Google Translate: ka sauke harshen Chaina a cikinsa tun a gida don ya yi aiki ba intanet. Ka gwada ta hanyar sa wayar a yanayin jirgi ka rubuta jimla ɗaya ka gani. Hira da masu kaya kuwa, in ka danne saƙo a WeChat akwai wurin fassara a ciki, amma farashi da yawan yadi ka sa su rubuta da lambobi, ka kuma tambaya ko mita suke nufi ko yadi.